Fuska ta Biyu

Teburin bai kai dardumar salla faɗi ba.
A kansa nake lissafin albashin direbobi ɗari da tara,
hawa na uku, unguwar Burngreave, birnin Sheffield,
inda ruwa ke sauka ba sallama, ya ɗauke ba ban kwana.

Kwamfutar ofis fuska ɗaya gare ta,
aikina kuwa baki biyu:
sunaye a nan, awanni a can.
In na buɗe wannan, wancan ya ɓuya,
kafin in koma na manta lambar da na baro.
Sau biyu ina biyan wani Pickering
kuɗin daren da ya kwana a gidansa yana minshari.

Barira ce ta ce, ranar da take danne akwati da gwiwa,
"Baba, riƙe tabulet ɗin nan, na yi sabo.
Jona shi, ka sami ido na biyu."
Ta nuna mini sau ɗaya,
yatsa nan, yatsa can, "Ai ka gane."
Na ce na gane.
Jirgin ƙasan Aberdeen bai tsaya bin ba'asi ba.

Kwana uku ina lallashin na'ura biyu
kamar mai sasanta maƙwabta a kan katanga.
Wannan ta ce ba ta san waccan ba,
waccan ta ce sai da kalmar sirri.
Na gwada ranar haihuwar yarinyar,
na gwada sunan kyanwarmu da mota ta take.
Ashe sunana ne, Tasi'u,
da lamba ɗaya a wutsiya.
Shayina ya huce kafin in iya ci gaba.

Yanzu ga shi a dama, jingine da gwangwanin madara,
da tsagar nan a kusurwa
tun faɗuwarsa a matakala tana 'yar sha huɗu,
ta yi kuka kamar an yi mana rasuwa.
Ina tura kibiya ta kai gaɓar babbar fuska,
ta ɓace,
ta ɓullo a ƙaramar.
Akwai ɗan jinkiri tsakani, bai kai ƙiftawa biyu ba,
irin na wayar Funtuwa,
ka ce "Kuna lafiya?" ka jira lafiyar ta tsallako teku.
A wannan ɗan ratar
ban san inda kibiyar take zuwa ba.
Shekara ashirin da biyu a ƙasar nan,
ina jin na san wurin.

Ƙarfe huɗu na Disamba, duhu ya riga ya zauna.
Ina tsakiyar layin Pickering
sai wani ɗan rubutu ya sauko bisa lambobi:
"A tambayi Baba ko ya sha maganin hawan jini."

Au, haka ne?
Shekara biyu ina yabon ƙwaƙwalwarta gaban mutane,
ina cewa 'yata ba ta taɓa mantuwa,
ashe ɗan aike gare ta.
Na yi dariya ni kaɗai har tari ya sarƙe ni,
sai kuma abin ya juye, ya daina zama dariya.

Na ga wurin da ake kashe shi.
Dannawa ɗaya ce.
Na janye hannuna.

Na tashi, gwiwa tana ƙara, na ɓallo ƙwaya ɗaya,
na kora da ruwan famfo mai sa haƙori tsami.
A ƙasa bas ta wuce, fitilunta a jiƙe,
wataƙila ɗaya daga cikin ɗari da tarana ke tuƙi.
Waya ta motsa a aljihu.
"Ka sha?"
Wato sabon ma an koya masa.

Na rubuta, "Tun ɗazu."
Na zauna, na jawo kibiyar ta dawo gida.
Wannan watan dai, Pickering,
abin da ka yi shi za ka karɓa.